Ƙafar Hagu Ce, Ba Ta Dama Ba

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan har 'yan dako suna rataya rediyo a kafaɗa, akwai ranar da kawuna ya shaƙe mani wuyan riga a gaban mutanen kasuwar Jibiya kaf. Abin magana yana hannuna, kuma a kunne yake. Don haka duk abin da ya faɗa mani, lasifikar motar majigi ta kwashe ta watsa har bakin tasha.

Ya ce, "Sake yi in gani. Sake tarin nan, ɗan ƙanwata. Ai ka iya."

Na ce, "Kawu, wallahi..."

Lasifika ta maimaita da ƙarfi, "Kawu, wallahi!" Jama'a suka sake kecewa da dariya.

To bari in koma baya ku ji yadda ƙafata ta kai ni wurin, don ba wanda ya tura ni.

Ni dai daga aji biyar na ajiye boko. Ba korata aka yi ba, benci ne ya ishe ni. Na yi karen mota a hanyar Maraɗi, na saida fetur a kwalba, na koyi gyaran keke na sati biyu, na gudu. Mahaifiyata takan ce ni kamar kaza nake mai neman wurin saka ƙwai, ko'ina sai na tona, ba inda nake kwanciya. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, yayanta ne ya ɗauke mu, shi ne kawun nan. Sana'arsa awon hatsi a kasuwa. Duk lokacin da yawona ya ƙare ba ko sisi, rumfarsa nake komawa in riƙe mashi bakin buhu.

A nan na haddace shi kamar karatun allo. In manomi ya kawo gero daga Riko ko Mazanya, Kawu zai tsoma tiya, wato kwanon awo, ya cika ta har ta yi tozo, sai ya zagaye bakinta da hannunsa, geron ya hau kan damtse ya zauna. Daidai lokacin da zai juye a buhu sai ya yi wani busasshen tari sau biyu, manomi ya ɗaga kai ya dubi fuskarsa maimakon hannunsa, shi kuma ya ce, "Tsakani da Allah, ɗan'uwa." In kuwa shi ke saidawa, tari ya warke, hannu ya koma gefe. Ba shi kaɗai ke yin haka ba, rabin 'yan awo haka suke. Nasa ne dai yake da kiɗa. Sannan yana jan ƙafar hagu, tun wani kurkunu da ya yi yana saurayi.

Akwai kuma wani abokina da aka sa mu aji ɗaya tare, shi ya zauna a benci har ya wuce sakandare a Katsina. Wani hutu suka dawo, su 'yan makaranta, suna gwajin wasan kwaikwayo da wani malaminsu ya rubuta a kan awo na gaskiya. Ni ma na shiga, amma da aka ba ni takarda in karanta, karatun nawa yana tafiya yana mutuwa kamar tsohuwar mota, sai aka ce in riƙa jan labule. Zannuwan gado biyu ne a jikin igiya. Abokina aka sa ya fito a matsayin mai awo.

Wasan nan lami ne, jama'a, ko gishiri babu. Mai awo ya yi cuta, mai unguwa ya yi mashi wa'azi, ya tuba, a tafa. Ni da ke jan labule ma hamma nake. Ran nan na ja abokina bayan aji, na ɗauki wani fasasshen kwano na cika da yashi, na ce, "Kai, haka ake cuta? Tsaya ka ga." Na zagaye kwano da hannu, na yi tari biyu, na ce tsakani da Allah ɗan'uwa, na ja ƙafa na tafi. Dariya ta kayar da shi ƙasa. Da ya farfaɗo ya ce, "Amma fa wannan kawunka ne sak."

Na ce, "Wa zai sani? Kawu ba ya zuwa wasan 'yan boko."

Kwana huɗu ina koya mashi. Da aka yi wasan a makaranta, malamai har da share hawaye. Aka kai shi gasa Katsina. Daga can wasu masu ɗaukar fim na Kaduna suka gani suka ce suna so. Ranar da mota ta zo kwasar 'yan wasa, ni ina Maraɗi, 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, sun riƙe motarmu kwana uku a kan takarda. Da na dawo mahaifiyata ta ce abokina ya zo nemana har sau biyu. A lokacin ban sa wannan a lissafi ba. Abin da na sa a lissafi shi ne an tafi ba ni.

Bayan wasu watanni labari ya zo cewa masu majigi sun riƙe shi aiki, yana bin motarsu gari gari ana nuna fim ɗin. Duk wanda ya faɗa mani sai in ce, "Allah shi ƙara," a ciki kuwa kamar na haɗiye garwashi.

Motar ta fara da ƙauyuka, Riko da Mazanya, kafin ta iso Jibiya ranar kasuwa. Ni kuma da hantsin ranar na sauko daga wata tafiyar. Na zauna teburin mai shayi, sai na ji wani ɗan dako ya yi tari biyu ya miƙa kofi ya ce, "Tsakani da Allah, ƙaro madara." Teburi ya ɗauki dariya. Na duba tsallaken titi, yara biyu suna jan ƙafa suna tari. Abina ne ke yawo a gari ba sunana a jiki.

Ana ta gardama ma a kan wane mai awo aka kwaikwayo. Wani ya ce wani ne a kasuwar Maraɗi, ya san shi. Wani ya ce a'a, na Katsina ne. Wani ya ɗan rage murya ya kalli wajen rumfunan hatsi, aka ce mashi, "Haba, wancan ai hagu yake ja, na majigi dama ce."

Sai mai shayi ya ce, "Yaron nan kai gare shi. Jiya ma a zauren ubansa, gaban dattawa, ya ce shi kaɗai ya ƙirƙiro abin nan, ba wanda ya koya mashi ko ƙwayar gero."

Na ce, "Shi ya faɗa?"

"Da bakinsa."

Ku lura, ban tambaya me ya tara dattawa a zauren ubansa ba. Mai hassada ba ya tambaya ta biyu, ta farkon ta ishe shi guzuri. Na ajiye shayin ban ƙarasa ba.

Da la'asar na hango shi wajen motar majigi suna kafa farin ƙyalle a bangon wani sito. Wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, takalmi mai dogon dunduniya, agogo yana walƙiya. Ni ko rigata duk baƙin mai. Yana ganina ya taho da sauri, ya ce, "Kai mutumina, ina ka shiga? Tun jiya nake nemanka. Zo gefe, akwai magana."

Na ce, "A'a, manyan Kaduna, mu wa? Ai ganinku sai da takardar izini."

Ya ce, "Bar wasa. Don Allah, yau ko me ka gani, kada ka ce komai. In an tashi zan yi maka bayani."

Kada in ce komai. A kunnena wannan ita ce shaidar ɓarawo. Na yi murmushin da ba na Allah ba, na ce, "Ranka shi daɗe," na wuce.

Bayan Magariba aka tada inji. Fili ya cika, 'yan gari da 'yan ƙauye da suka ƙi komawa, da direbobin Nijar da motocinsu ke jiran a buɗe hanya da safe. Wasu saman buhuna, wasu saman lodi. Na tsaya can baya na harɗe hannu, na yi wa kaina alkawarin ko haƙori ba zan nuna ba. Sai ga fuskarsa a bango, ta fi ƙofar sito girma. Ya tsoma tiya, ya zagaye ta da hannu, ya yi tari, fili ya ɗauka gaba ɗaya, "Tsakani da Allah, ɗan'uwa!" Wasu ma sun riga shi faɗa. Akwai wurin da mai awo yake tari manomi ya kawo mashi ruwa, ya ƙi janye hannu daga tiya ya karɓa, har manomin ya ɗura mashi a baki. Wannan ba ni na koya mashi ba, nasa ne. Dariya ta kuɓuce mani, na yi maza na maida ita tari.

Amma da ya juya zai tafi na ga ƙafar dama yake ja, sai raina ya yi sanyi kalau. Na ce to, ga shi nan, ko satar ma bai iya ba.

Da fim ya ƙare, shugaban masu majigi, wani mai rigar safari, ya ce a tsaya, suna so su ji ra'ayin jama'a, za su ɗauka a rikoda su kai Kaduna. Aka fara miƙa abin magana.

Wani manomi daga Mazanya ya ce, "Ni dai daga yau in za a auna mani gero, hannu zan riƙa kallo. Ko tari zai kashe mai awo ba ni ɗaga kai." Aka tafa.

Wata tsohuwa mai fura ta ce wasa ya yi, amma yaron ya cika kyau, ita a rayuwarta ba ta taɓa ganin macuci mai irin waɗannan fararen haƙora ba. 'Yan mata suka yi shewa. Na ji shewar nan har cikin ƙashina.

Wani direban Maraɗi ya karɓa ya ce, "Mu can sai mun biya kuɗi mu shiga silima mu ga mutane suna kuka cikin ruwan sama. Nan kyauta mun yi dariya har ciki ya ƙulle. Wanga yaro, wallahi a ba mu aronshi mu kai Yamai!"

Wani mai gyaran rediyo ya ce shi inji ya dame shi, rabin maganar bai ji ba, a sake daga farko. Aka yi mashi ihu.

Sai malamin da ya rubuta wasan ya gyara tabarau ya ce shi a ganinsa na dandamali ya fi rai, don majigi ya yanke wa'azin mai unguwa. Ba wanda ya tausaya wa wa'azin. Sannan ya ce, "Amma gaskiya ɗaya ce. Tarin nan da hannun nan ba su cikin takardata. Yaron nan ne ya zo da su. Irin wannan lura baiwa ce, ba a koya wa mutum ita."

Ba a koya wa mutum ita! Ni da na yi kwana huɗu a bayan aji da fasasshen kwano!

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na ji dai na taka wani, ya zage ni. Na ga abokina yana girgiza mani kai, yana ɗaga hannu biyu. Wannan ma ya ƙara mani mai. Na fizge abin magana daga hannun malam na ce, "Jama'a, salamu alaikum. Ana koya wa mutum ita, don ni na koya mashi. Tarin nawa ne, hannun nawa ne, tsakani da Allahn ma nawa ne. Kuma bai iya ba. Ƙafar hagu ce, ba ta dama ba!"

Wani ya ce, "Kai karen mota, sauka!" Wani ya ce, "A'a, ku bar shi ya gwada."

Na cire hular wani yaro na maida ita tiya. Na duƙa yadda Kawu yake duƙawa, gwiwa ɗaya a gaba. Na zagaye hula da hannu, na karkata kai, na saki tarin nan na asali, wanda na yi shekaru ina ji a bakin buhu, mai ɗan shaƙewa a na biyun. Na ce, "Tsakani da Allah, ɗan'uwa." Na ja ƙafar hagu na zaga gaban farin ƙyalle, inuwata ta hau bango ƙatuwa.

Ba zan yi maku ƙarya ba, dariyar da aka yi ta ninka ta fim. Mutane suna faɗowa daga saman buhuna. Direban Maraɗi yana dukan ƙofar mota. Tsohuwa mai fura ta riƙe ciki tana salati. Har yau ban taɓa shan minti ɗaya mai daɗin wannan ba.

Sai wata murya daga tsakiya ta ce, "La ilaha! Ai wane ne!" ta kama sunan Kawu. Kawuna suka juya gaba ɗaya wajen rumfunan hatsi. Kawu yana zaune a bencinsa, tun farko yana wurin, da carbi a hannu.

Ya taso. Fili ya buɗe mashi. To nan ne muka faro, hannunsa a wuyan rigata, lasifika tana kai rahoto.

Bayan ya ce in sake tarin na kasa, bai mare ni ba. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Shekara tara kana cin tuwon tiyar nan. Ban taɓa jin ya shaƙe ka ba."

Wannan ma ta fita a lasifika. Amma ba wanda ya yi dariya. Abokina ya zagaya ya zare waya. Kawu ya saki rigata, har ya gyara mani wuyan da ya yamutse, ya juya ya ratsa mutane. Ina kallonsa yana ƙoƙarin taka ƙafar hagun daidai don kada ta ja. Dattijo mai furfura yana koyon tafiya a gaban kasuwa saboda ni. Wannan hoton ya fi na bangon sito zama a kaina.

Na isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyata tana zaune bakin murhu, ba ta ko ɗago ba. Na fara, "Inna, ai shi ne ya ce shi kaɗai..."

Ta ce, "Rufe mani baki. Ka san abin da ya kai dattawa zauren ubansa? Kawunka ne ya kai ƙara, tun da maganar ta iso daga Riko. Yaron nan ya durƙusa gabansa da wandonsa na Kaduna, ya ce shi kaɗai ya yi, ba hannun kowa, wani ya gani a wata kasuwa. Ya ce, Baba duba ma, dama yake ja. Ubansa ya zage shi tas gaban mutane, bai ɗaga kai ba. Kawunka ko ya yarda ko bai yarda ba, ya dai samu zanen rufe jiki, shi ya sa ya fito kallo yau don a ga ba shi ba ne. Kai kuma ka zo ka yaye."

Na ce, "Ƙafar... da gangan ya canza?"

Ta ce, "Kai kaɗai ne a garin nan ka ɗauka mantuwa ce."

Da asuba motar majigi ta wuce, ban ga abokina ba. Kawu ya yi kasuwa biyu bai fita ba. A ta uku mahaifiyata ta tasa ni gaba har rumfa, na durƙusa na faɗi duk abin da ake faɗa. Ya nuna mani buhu da haɓa. Na riƙe. Kakar nan gaba ɗaya a rumfar na yi ta, ban taɓa daɗewa wuri ɗaya haka ba. Manoma suna zuwa suna zuba wa hannunsa ido, shi kuma ya koma awo da hannu ɗaya a bayansa kamar soja. In tari na gaske ya taso mashi sai ya danne har idonsa ya yi ja. Tuwon gidanmu ya ɗan rage tsayi a shekarar, kowa ya san dalili, ba wanda ya faɗa.

Maganar farko da ya yi mani, bayan kusan wata biyu, yana cikin awo, bai ko dube ni ba, ya ce, "Tarin ma ba haka nike yi ba." Na ce, "Haka ne, Kawu." Daga ranar muka koma gaisawa. Allah shi jiƙansa, ya daɗe da rasuwa, kuma ni na riƙe rumfar bayansa, da hannu ɗaya a baya.

In na tuna yanzu, abin da ke ba ni mamaki shi ne duk abin da abokina ya yi don ya rufa mani asiri, ni na karanta shi a matsayin sata. Ya neme ni sau biyu, na ce an tafi ba ni. Ya canza ƙafa, na ce bai iya ba. Ya ce in yi shiru, na ce ɓarawo ne. Ita hassada ba ta makantar da mutum, komai kana gani tar, fassarar ce take karɓewa. Kuma kada ku ɗauka na warke sarai. Har gobe in wani tsoho ya tuno majigin nan ya ce, "Kai, yaron nan ya iya tari," sai na ji wani abu ya motsa mani a ƙirji. Sai dai yanzu na san shi, in ya motsa sai in ce mashi zauna, mun taɓa yi da kai.

Sati uku bayan abin, na yagi takarda a tsohon littafina na aji biyar, na zauna bayan rumfa na yi rubutu da hannuna mai kama da tafiyar kaza, na ba wani direba mai kai gero Kaduna. Abokina ya ajiye ta, shekaru da yawa bayan nan ya karanta mani muna dariya, shi ya sa ban manta ko kalma ɗaya ba. Ga abin da na ce:

"Abokina, gaisuwa mai yawa. Inna ta faɗa mani komai. Na gane maganar ƙafar dama. Tarin nawa ne, durƙuson naka ne, kuma durƙuson ya fi. Zagin da babanka ya yi maka nawa ne, ka ajiye mani, in ka zo in karɓa. Ka ce wa mai rigar safari don Allah ya goge muryata a rikoda. Ka yafe mani. Amma tsakani da Allah, ɗan'uwa, ka ji yadda suka yi dariya. Na fi ka iyawa."